LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA? BA KULLUM BA

  

A wannan karo ba zancen taki ko maganin ƙwari zan yi muku ba. Zancen fuska zan yi. Wani zai ce Malam ya rasa abin faɗi. To, ku saurara tukuna. Kaka ta yi, lokacin ɓarna ke nan, lokacin da manomi da makiyayi suke yawan gamuwa a ƙofar maigari. Bara na ga murmushi guda ɗaya ya kusa sa a fasa kawuna a garinmu. Ni kaina ina cikin waɗanda suka yi kuskure a ranar.

Ga yadda abin ya faru.

Wani ɗalibina na makarantar yaƙi da jahilci, magidanci mai ƴaƴa 6, yana da gona a bakin burtali. Ya riga ya yanke hatsi, amma bai gama roron wake ba. Hukuma kuwa ba ta ba da ranar sakin gonaki ba tukuna. Da dare shanu suka shiga, suka cinye kusan rabin waken har da harawa. Da safe aka bi sawu har ruga. Aka zo da mai kiwon, saurayi ne ɗan shekara kamar 17, tare da baffansa.

Da yake ni ne mai rubutu a kusa, maigari ya aiko in zo in rubuta abin da aka gani da abin da aka faɗa. Kun san tun 1993 muna da dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Kuma doka ta ce a fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya kafin a je gaban alƙali. Na ɗauki littafina da biro, na tafi.

Mai gona ya yi bayani, muryarsa tana rawa. Aka ce yaro ya yi magana. Yaro bai ce kome ba. Ya sunkuyar da kai, yana zane a ƙasa da bakin sandarsa. Sai ga haƙoransa a waje, yana murmushi.

Mai gona ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gani da idonka? Ya cinye mini abincin ƴaƴana, kuma dariya yake yi mini!"

Da farko jaka 15 ya nema. Nan take ya ce sai jaka 30, kuma ba zai rage ko dala ba. Samarin gari da ke tsaye a baya suka fara matsowa. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki reshe. Ni ma raina ya ɓaci. Na rubuta a littafina cewa yaron bai nuna nadama ba, ya rena mutane.

Akwai wata tsohuwa, yayar maigari, wadda ta yi shekaru tana sayen nono wurin matan wannan ruga. Tana zaune a gefen zaure tana jin kome. Ta taɓa ni da sandarta, ta ce, "Malam, ɗana, kai da kake da karatu, haƙoransa kake dubawa? Dubi hannunsa."

Na duba. Sandar tana kaɗawa a hannunsa kamar kara cikin iska. Ga zufa tana bin wuyansa, alhali da sanyin safe ne. Tsohuwa ta ɗaga murya ta ce wa ƙanenta, "Wannan yaro tsoro ne da kunya suka cika shi. A gaban baffansa ba zai yi kuka ba, ba zai yi gardama ba. Abin da ya rage masa ke nan."

Tun daga ranar nake tunanin wannan magana. Na tambayi tsofaffi, na tambayi makiyayan da suke zuwa karatu da rani. Ga abin da na samo.

Fulani suna da tarbiyyar da suke kira pulaaku. A cikinta akwai semteende, wato kunya. Akwai munyal, wato haƙuri da juriya. Akwai hakkiilo, wato hankali. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa kada ya nuna yunwa, kada ya nuna ciwo, kada ya nuna tsoro a gaban mutane, balle a gaban manyansa. Wanda ya taɓa kallon sharo ya san haka. Saurayi yana tsaye, an buɗe masa ƙirji, ana zuba masa bulala har fata ta tsage. Shi kuwa yana riƙe da madubi yana murmushi. Akwai mai cewa daɗi yake ji? Babu. Murmushin nan cewa yake yi: ciwo bai fi ƙarfina ba. Idan ya yamutsa fuska, ya ja wa gidansu abin faɗi.

To, yaron da aka yi wa wannan tarbiyya, ranar da aka tsayar da shi a gaban taro cikin laifi, wace fuska kuke so ya nuna? Wadda aka koya masa ita zai nuna. Mu kuwa a wurinmu mai laifi ya kamata ya ɓata fuska, ya durƙusa, ya yi ta cewa a yi haƙuri. Da ba mu ga haka ba, sai muka ce reni ne.

Kada mu ce Fulani kaɗai ke ɓoye ciki. Mu duba gidajenmu.

Ranar da za a kai amarya, kuka take yi. Ko da saurayin da take so ne aka ba ta, ko da ta yi shekara 2 tana jiran wannan rana, sai ta lulluɓe kai ta yi ta hawaye. Idan ta fito tana washe baki, gari zai ɗauka: ƴar wance ba ta da kunya, ta ƙosa ta bar gidan ubanta. A ɗakinta ma ba ta magana sai an sayi baki. Baƙon da ya zo daga nesa ya ga wannan, sai ya ce auren dole ne aka yi. Wani lokaci kuwa auren dolen ne da gaske, kuma ba mai ganewa, don kukan al'ada da kukan baƙin ciki kamarsu ɗaya. Wannan ma abin dubawa ne ga iyaye.

Haka uwa da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Wa zai ce ba ta son sa? Ranar da zazzaɓi ya kama shi, ita ce ba ta runtsawa.

A gefe guda kuma mu mutane ne masu son fara'a. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Malamai suna faɗa mana sakin fuska ga ɗan uwa sadaka ne. Mai ɗaure fuska ba ya ciniki a kasuwa, ko da kayansa sun fi na kowa. Amma fara'ar ma tana da wuri. Mutum ba ya ƙyalƙyala dariya a gaban surukinsa. Dattijon da ya cika dariya, kwarjininsa yakan ragu. Kun ga ashe ko a gari ɗaya, fuskar da ta dace a kasuwa ba ita ta dace a zauren suruki ba.

Ku hau arewa. Ba'abzine yana rufe bakinsa da amawali. In babba ya iso, ko surukinsa, sai ya ƙara jan rawanin sama har hanci. Kai da kake jiran ganin haƙora, ba za ka gani ba har ku rabu. Sai ka koyi duban ido. A can arewan kuma, in damina ta ƙare, wajen watan Satumba, makiyaya suna taruwa a Ingal inda bisashe ke samun gishiri. A wannan lokaci samarin Woɗaaɓe suke yin Gerewol. Suna shafa fuska, suna baƙanta leɓe don haƙora su ƙara fari. Sai su jeru cikin rana suna buɗe ido, suna bayyana haƙora, awa da awa. Wannan ba murna ba ce, gasar kyau ce, kuma aiki ne mai gajiyarwa. Ƴan matan da za su zaɓi gwani kuwa, kansu a ƙasa suke tahowa. Mutanen da suka fi kowa ɓoye ciki, su ne kuma suka fi kowa nuna haƙora in ranar ta zo.

A wurin horon malamai an ba mu labarin masana na ƙasashen waje da suka bi diddigin wannan abu. Zan taƙaita muku, don akwai amfani a ciki.

Murmushi dai ba koyonsa ake yi ba. Jariri yakan fara yi wa uwarsa murmushi yana da kamar sati 6 zuwa wata 2. Har jaririn da aka haifa makaho yana yi, shi da bai taɓa ganin fuskar kowa ba. Wani masani ɗan Amurka, Paul Ekman, ya tafi tsibirin Papuwa Niyu Gini a 1967 da 1968, wurin mutanen duwatsu da ba su saba da baƙi ba. Ya nuna musu hotunan fuskoki, aka ba su labarin mutumin da abokansa suka zo yana murna. Galibinsu suka nuna fuskar mai murmushi. Ashe asalin abin ɗaya ne ga ƴan Adam duka.

Abin da ya bambanta shi ne yaushe ake yi, kuma a gaban wa. Shi wannan masani da abokin aikinsa sun gwada ɗalibai na Amurka da na Japan. Aka nuna musu sinima mai tayar da hankali. Lokacin da kowa yake shi kaɗai, fuskokinsu duka suka yamutse iri ɗaya. Da wani babba ya shigo ya zauna tare da su, sai ƴan Japan da yawa suka rufe abin da murmushi. Da na ji wannan, sai na tuna da yaron nan a ƙofar maigari. Japan tana can ƙarshen gabas, amma da tsohuwar garinmu ta ga waɗannan ɗalibai, da ta gane su.

A 2016 kuma an buga wani bincike da aka yi cikin al'ummomi 44. Aka nuna wa mutane hotunan masu murmushi da marasa yi, aka ce su faɗi wanda ya fi hankali. A Jamus mai murmushi aka zaɓa. A Rasha da Japan da Iran kuwa, mai murmushi ne aka ɗauka hankalinsa bai kai ba. Mutanen Rasha har karin magana suke da shi, mai nufin dariya ba dalili alamar wauta ce. Hoto ɗaya ne, amma kowa da idon da gidansu ya ba shi.

Wani zai ce, to Malam, ta yaya za a gane na gaskiya? Tun 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Dushen ya lura cewa murmushin jin daɗi ba ya tsayawa a baki. Yana hawa har ido, gefen ido ya tattare. Na dole kuwa a leɓe yake tsayawa. Mu ma mun san shi, shi ne yaƙe, wanda muke cewa ya fi kuka ciwo. Sai dai masana na baya sun gano mutane da yawa suna iya tattare idon ma da gangan. Saboda haka wannan ma ba ma'auni ba ne da za a rantse a kansa. Wanda ya taɓa sayar da wake da kaka ga mai saye mai daɗin baki, ya koma gida ya tarar tiyar mutumin ta fi ta kasuwa girma, ya san abin da nake nufi.

Yanzu zancen farin ciki kansa. Tun 2012 ana fitar da wani rahoto na duniya a kan jin daɗin rayuwa. Ana tambayar mutane a kowace ƙasa: ka ɗauka ga tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, sama ita ce rayuwa mafi kyau, ƙasa ita ce mafi muni, kai a ina kake tsaye? Daga 2018 har 2025 ƙasar Finlan ce ta zo ta farko kowace shekara. Mutanen Finlan kuwa an san su da shiru da rashin yawan fara'a ga baƙo. A rahoton 2024 Nijar ta zo bayan ƙasashe fiye da 100. Amma baƙin da suke zuwa ƙauyukanmu da motoci suna komawa suna cewa, mutanen nan ba su da kome, ga su kullum cikin dariya.

Wannan magana ta baƙi ba ta yi mini daɗi, ko da yabo suke nufi. Mun tarbe ka da fara'a don kai baƙo ne, haka aka koya mana. Ba ya nufin rijiyarmu ba ta ƙafe ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ma tsanin nan nasu, na gwada shi a aji. Wani dattijo ya ce, "Malam, in na ce ina ƙasa, na yi wa Allah butulci. In na ce ina sama, na yi ƙarya, kuma na kira baki a kaina." Ya ƙi zaɓa. Da na ce to mene ne jin daɗi a wurinsa, bai ambaci dariya ba. Ya ce lafiya, da hatsin da zai kai shi damina, da rufin asiri, da kwana ba bashin kowa a wuyansa. Muna da kalmomi da yawa a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Murna ta rana ɗaya ce, ranar suna ko ranar salla. Kwanciyar hankali ita ce ake nema ta shekara.

Akwai wurin da wannan ɓoye ciki yake cutar da mu, dole in faɗa. Shi ne likita. An tambayi mara lafiya, ya jiki? Ya ce da sauƙi. Ko yana gab da mutuwa, da sauƙi zai ce, har da ɗan murmushi. A gaisuwa wannan daidai ne. A gaban malamin asibiti kuwa kuskure ne. Shi ba gaisuwa yake yi ba, aiki yake yi, kuma da abin da ka faɗa zai ba ka magani. Mata sun fi shiga wannan hatsari. An koya wa mace kada ta yi raki wurin haihuwa, musamman ta fari. Sai ta cije, ta yi shiru, naƙuda ta wuce yini da kwana ba wanda ya san ta kai inda ya kamata a ɗauke ta. Maigida, uwar miji, ungozoma: kada ku jira kuka. Ku ƙidaya lokaci. Ku kuma malaman asibiti, in mutumin ƙauye ya ce muku da sauƙi yana murmushi, ku sake tambaya ta wata hanya. Ku ce ya nuna wurin da hannu. Ku tambayi kwana nawa rabonsa da gona.

Malaman gona ma haka. Kun yi bayanin sabon iri, kowa ya ce to, kowa ya yi murmushi. Kada ku rubuta cewa gari ya yarda. An dai girmama ku.

Mu koma ƙofar maigari.

Ba na cewa duk makiyayin da ya yi murmushi mai gaskiya ne. Akwai masu sakin shanu cikin gona da gangan, sun sani, mu ma mun sani. Kuma kunyar yaron ba ta mayar da wake ko ƙwaya ɗaya ba. Ɓarna ɓarna ce, sai an biya. Abin da nake cewa shi ne a biya kuɗin wake, kada a biya kuɗin fuska. Mutanen ƙasar Maradi ba su manta da Toda ba, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Ba murmushi ya jawo wancan ba. Amma a ranar da nake ba ku labari, tsakaninmu da zubar da jini bai wuce taku 3 ba, kuma ba waken ne ya matso da samarin nan ba.

Baffan yaron ma ya faɗa mini nasa daga baya, muna zaune a kasuwar bisashe. Ya ce su ma suna yi mana irin wannan karatu. In suka ga Bahaushe yana ɗaga murya a gaban manya, yana kallon mutum cikin ido, yana cin abinci a tsakiyar kasuwa, sai su ce ba shi da kunya. Na ce masa a wurinmu mai gaskiya ne yake ɗaga murya. Ya yi dariya, ta gaske wannan karon, har ido.

Maigari ya sa aka kori samarin baya. Ya tura mutum 4 su duba gonar, biyu daga gari, biyu daga ruga. Suka dawo suka ce ɓarnar ta kai jaka 18. Baffa ya sayar da tunkiya ranar kasuwa, ya biya a gaban shaidu. Ni kuwa kafin a sa hannu na ja layi a kan abin da na rubuta game da reni. Takardar tana nan wurin maigari, da layin a jikinta.

Bayan an saki gonaki, shanun rugar nan sun kwana a gonaki da yawa na garinmu don taki, kamar kowace shekara. Ban da gonar ɗalibina. Ya ce bai yarda ba. Har yau yana nan a kan bakansa cewa dariya yaron ya yi masa, kuma ni da tsohuwa ba mu ji abin da ya ji ba. Na faɗa masa zan rubuta labarin a jarida ba tare da sunansa ba. Ya ce in rubuta, amma in faɗi cewa shi bai canza ra'ayi ba. To, na faɗa.

In jarida ta iso, shi zan ba ya karanta wannan shafi a aji da babbar murya, don yanzu karatunsa ya yi ƙarfi. Ku ma masu karatu na Tawa da Damagaram da sauran wurare, ku rubuto mana yadda abin yake a wajenku. Makiyayan da suka iya rubutu, ku nake so in fara ji.